Yadda jiki ke rufe himogulobin na ɗan tayi: nazarin lamari guda a kan sarrafa ƙwayoyin gado

A shekarar 1948 wata likitar yara da ke aiki a Brooklyn, cikin birnin New York na Amurka, mai suna Janet Watson, ta wallafa wani abu da ta lura da shi a jinin jarirai sababbin haihuwa. Ta ɗebi jinin iyaye mata masu ɗauke da gadon sikila, ta ɗebi na jariransu waɗanda suka gaji abin, ta raba duka biyun da iskar oksijin, sannan ta duba su a ƙarƙashin madubin likita. Jajayen ƙwayoyin jinin uwa sun lanƙwashe kusan gaba ɗayansu, sun koma siffar lauje, amma na jariri kaɗan ne kawai suka lanƙwashe. Ta kuma san abin da likitocin yara suka daɗe suna gani, cewa yaron da aka haifa da ciwon sikila ba ya fara jin jiki sai ya yi watanni a duniya. Bayanin da ta bayar shi ne jariri yana zuwa da wani nau'in himogulobin (furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini) na daban, wanda ya yi amfani da shi yana ciki, kuma muddin wannan nau'in yana da yawa a jininsa, to yana ba shi kariya. Ta yi daidai. Abin da ya rage, wanda ya ci wa masana shekara 60 kafin su kama bakin zarensa, shi ne sanin abin da ke rufe wannan himogulobin bayan haihuwa, da kuma yadda yake yi.

Na zaɓi wannan lamari ne domin a cikinsa ana ganin kusan duk matakan da ƙwayar halitta mai cibiya ke bi wajen buɗe wata ƙwayar gado da rufe wata, kuma ana ganin su a jikin mutane masu rai, ba a kwalbar gwaji kaɗai ba. A nan, idan na ce ƙwayar halitta ina nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan da aka gina jiki da ire-irensa, idan kuma na ce ƙwayar gado ina nufin wani yanki na DNA da ke ɗauke da bayanin yadda za a ƙera furotin guda. Cibiya kuwa ita ce wurin da ke cikin ƙwayar halitta inda ake ajiye DNA, dogon zaren da aka rubuta bayanan gado a kansa da haruffa 4, wato A, C, G da T.

Himogulobin furotin ne mai sarƙa 4, biyu daga dangin alfa, biyu daga dangin beta. Ƙwayoyin gadon dangin alfa suna kan kuromosom (ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke cikin cibiya) na 16, na dangin beta kuwa suna jere a kan kuromosom na 11, ɗaya bayan ɗaya, bisa tsarin da jiki ke amfani da su: efsilon a makonnin farko na ciki, gama guda biyu a sauran watannin cikin, sannan delta da beta bayan haihuwa. Na ɗan tayi, wato alfa biyu da gama biyu, ya fi na uwa ƙarfin riƙe oksijin, shi ya sa yake iya janyo iskar daga jinin uwa ta mabiyiya. A ranar haihuwa shi ne kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na himogulobin ɗin jariri, amma kafin yaro ya shekara ya riga ya ragu ƙwarai, a jikin babba kuma ba ya kai kashi 1 cikin 100. Ciwon sikila yana kan sarƙar beta ne kaɗai. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu ciwon ya bambanta da na sauran mutane, Vernon Ingram kuma ya gano a 1956 da 1957 cewa amino asid guda, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake gina sarƙar furotin da su, shi ne ya sauya, a gurbi na 6, abin da ya samo asali daga sauyin harafi ɗaya a DNA, GAG ya koma GTG. Ƙwayoyin gadon gama na mai sikila lafiyarsu ƙalau, kuma suna nan a kowace ƙwayar halittarsa har ƙarshen rayuwarsa. Shiru aka sa su suka yi.

Kafin a kai ga yadda ake rufewa, dole a fahimci yadda ake buɗewa.

A cikin cibiyar kowace ƙwayar halittar mutum akwai DNA da tsawonsa ya kai kimanin mita 2 idan aka warware shi, ɗauke da ƙwayoyin gado masu ƙera furotin kusan 20,000. Don ya shiga wannan ƙaramin wuri, an nannaɗe shi a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin ƙwarƙwaro, kowane naɗi yana cin haruffa 147 a kan dunƙulen histon 8. Wannan naɗi shi ne babban abin da ya raba halittu masu cibiya da bakteriya ta fuskar karanta gado. A bakteriya DNA a fili yake, mai kwafa zai iya sauka a kansa sai dai in an tare shi. A halittu masu cibiya kuwa asalin hali shi ne rufewa, kuma duk ƙwayar gadon da za ta yi aiki sai an share mata hanya tukuna, ta hanyar liƙa wa histon wasu ƙananan alamomi irin su asetil da ke sassauta riƙonsu, da kuma ture su gefe da wasu injina na furotin masu cin makamashi. Yankin dangin beta a ƙwayar ƙwaƙwalwa ko ta fata a ƙulle yake. A cikin ƙwayoyin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini ne kaɗai yake buɗewa, kuma a ɗan lokacin da suke da cibiya, domin jajayen ƙwayoyin da suka balaga sun riga sun zubar da cibiyarsu, suna yawo a jini tsawon kwana 120 da himogulobin ɗin da suka tara tun suna ɓargo.

Aikin kwafi, wato rubuta saƙon DNA a kan RNA, kwafin da ake kai wa wurin ƙera furotin, wani enzaim (furotin mai gudanar da aiki) ne ke yin sa mai suna RNA folimares. Robert Roeder da William Rutter sun nuna a 1969 cewa halittu masu cibiya suna da nau'i 3, kuma na biyun shi ne mai kwafar ƙwayoyin gadon da ake ƙera furotin da su. Wannan enzaim mai sassa 12, wanda Roger Kornberg ya sami lambar Nobel a 2006 saboda fayyace siffarsa, ba ya iya gane wurin da zai fara da kansa. A gaban kowace ƙwayar gado akwai wani ɗan yanki da zan kira masomi, kuma a masomin beta, kimanin haruffa 30 kafin wurin farawa, akwai jerin ATAAA. Wani furotin yana sauka a kan wannan jeri ya lanƙwasa DNA ɗin, wasu su biyo baya su ɗauko folimares su zaunar da shi, na ƙarshensu, TFIIH, ya raba igiyoyin DNA biyu, ya kuma liƙa fosfet a kan wata doguwar jela da folimares ke da ita, wadda a jikin mutum ta ƙunshi amino asid 7 da aka maimaita sau 52. Sai a lokacin enzaim ɗin yake sakin masomi ya kama hanya, kuma a ƙwayoyin gado masu yawa yakan sake tsayawa bayan haruffa 20 zuwa 60, yana jiran izini na biyu.

Ba hasashe ba ne cewa kowanne daga cikin waɗannan haruffa yana da aiki, domin akwai mutanen da aka haifa da sauyi a kansu. Wanda harafin A na gurbi na 28 ko na 29 kafin wurin farawa ya sauya masa zuwa G, ƙwayar gadonsa ta beta cikakkiya ce, furotin ɗin da take ƙerawa ma lafiyayye ne, amma kaɗan take ƙerawa, sai ya sami wani nau'i na ciwon talasimiya, ƙarancin jini na gado da ke zuwa idan jiki ba ya ƙera isasshiyar sarƙar himogulobin. Haka wanda ya sami sauyi a gurbi na 87 ko na 88, inda jerin CACCC yake, wurin da wani furotin mai ba da umarni, KLF1, ke zama. Bayan kwafi ma ba a gama ba. Ɗanyen saƙon beta yana da haruffa kusan 1,600, a cikinsa akwai cikon da ba a buƙata guda 2, ɗaya haruffa 130, ɗaya 850, waɗanda sai an yanke su an haɗe sassa ukun da suka rage, an sa wa saƙon hula a kai, an ɗaura masa jelar haruffan A a ƙarshe, kafin ya fita daga cibiya. A ƙasashen gabashin tekun Bahar Rum, irin su Sayifrus da Girka, sauyin da ya fi yawa a masu talasimiya yana gurbi na 110 na cikon farko, inda harafi ɗaya ke ƙirƙirar wurin yanka na ƙarya, sai mafi yawan saƙonnin su fito a gurguje.

Masomi kaɗai bai isa ba, kuma marasa lafiya ne suka fara nuna haka. A farkon shekarun 1980 an bincika wani iyali a ƙasar Holan masu talasimiya, aka tarar ƙwayar gadonsu ta beta da masominta babu abin da ya taɓa su, har ma idan aka ciro ta aka sa a wata ƙwayar halitta a ɗakin gwaji tana aiki, amma a jikinsu ta yi tsit. Abin da suka rasa wani babban yanki ne na DNA da ke can gabanta. A 1989 an sami wani lamari da ya fi wannan fitowa fili, inda duk ƙwayoyin gadon dangin beta suke nan daram, abin da ya ɓace kawai wani yanki ne da ke gaban efsilon, amma dukkansu suka mutu murus a kan wannan kuromosom. A tsakanin waɗannan lokuta biyu, a 1987, Frank Grosveld da abokan aikinsa a Landan sun haɗa wannan yanki da ƙwayar gadon beta ta mutum suka dasa a jikin ɓeraye, sai ta yi aiki da cikakken ƙarfi a jajayen ƙwayoyin jini duk inda ta faɗa a cikin kuromosom ɗin ɓeran. Yankin shi ne ake taƙaita sunansa da LCR, wato yankin da ke sarrafa dukkan dangin, kuma yana da wurare 5 da histon suka kauce daga kansu, aka bar DNA a buɗe don furotin masu ba da umarni irin su GATA1 da TAL1 da KLF1 su zauna.

Irin wannan yanki, mai hura wa masomi wuta daga nesa, zan kira shi mazugi, kamar mai zuga wa maƙeri. Abin sha'awa ne cewa mazugi na farko da aka bayyana, a ɗakin binciken Walter Schaffner da ke Zurich a 1981, a kan ƙwayar gadon beta ta zomo aka gwada shi: wani ɗan guntun DNA na ƙwayar cutar SV40 ya ninka kwafinta kusan sau 200, ko an sa shi a gabanta ko a bayanta, ko an juya shi, ko an nisanta shi da dubban haruffa. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce yadda abin da ke nesa da haruffa kusan 50,000 zai taɓa masomi. Amsar ta fito a 2002, lokacin da masu bincike a Rotterdam suka daskarar da DNA a yadda yake a cikin cibiya suka duba wane yanki ke jingine da wane. A ƙwayoyin jini na hantar ɗan tayin ɓera, LCR yana manne da ƙwayar gadon da ke aiki, DNA ɗin da ke tsakaninsu ya yi lanƙwasa ya fita waje kamar madauki. A ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa babu wannan haɗuwa.

Daga nan hoton sauyin ya fara bayyana. Mazugi ɗaya ne, masomai da yawa, kuma suna takara a kansa. A lokacin ciki LCR yana jingina da gama, waɗanda suka fi beta kusa da shi, bayan haihuwa kuma ya tsallake su ya kama beta. Gerd Blobel da ɗalibansa a Filadelfiya sun tabbatar a 2014 cewa wannan lanƙwasa dalili ce, ba alama kawai ba: sun ƙera wani furotin da ke kama masomin gama da hannu ɗaya ya kama furotin ɗin da ke kan LCR da ɗaya hannun, suka sa shi a ƙwayoyin jinin manya, sai gama ta farka ta rinjayi beta. Ya kamata a lura kuma cewa numfashin farko na jariri ba shi ke kawo sauyin ba. Beta tana fara tashi tun makonni kafin haihuwa, bakwaini kuma yana bin lissafin watannin cikinsa ne, ba ranar da ya faɗo ba. Agogon yana cikin ƙwayoyin jinin kansu.

To mene ne ke hana LCR komawa kan gama? A nan ma mutane ne suka ba da haske kafin ɗakin gwaji. Tun tsakiyar shekarun 1950 likitoci suka san akwai iyalai da manyansu ke da himogulobin na ɗan tayi mai yawa ba tare da wata illa ba, kuma abin gado ne. Wasu daga cikinsu, waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya daga iyayensu suka gaji wannan hali daga ɗayan, suna da kusan kashi 30 cikin 100 na himogulobin ɗan tayi a rarrabe daidai cikin dukkan jajayen ƙwayoyinsu, kuma da wuya su ga alamun ciwon. Dalili shi ne, himogulobin ɗin sikila idan ya saki oksijin yakan manne da 'yan'uwansa su zama dogayen sanduna masu taurara ƙwayar jini, sarƙar gama kuwa ba ta shiga cikin sandar, tana tsinka layin. Da aka iya karanta DNA, sai aka ga wasu daga cikin waɗannan iyalai harafi ɗaya tak ya sauya musu a masomin gama, kuma sauye-sauyen sun taru a wurare biyu, kusa da gurbi na 115 da kusa da gurbi na 200 kafin wurin farawa. Duk mai hankali zai yi zargin cewa wani abu ne ke zama a waɗannan wurare yana danne ƙwayar gadon, sauyin harafin kuma ya hana shi zama. An yi shekaru fiye da 20 ana neman wannan abu, aka ambaci furotin da dama, babu wanda ya tabbata.

A wannan tsakanin an sami ci gaba ta wata hanya. An lura cewa masomin gama a jikin manya yana ɗauke da alamar metil a kan haruffan C, alamar da ke tafiya da rufewa, sai a 1982 aka gwada wani magani mai hana liƙa wannan alama a jikin birai, daga baya a jikin marasa lafiya, himogulobin na ɗan tayi kuwa ya tashi. Gubar maganin ta hana a ci gaba da shi, amma ya buɗe ƙofar gwada haidiroksiyuriya, wanda wani babban gwaji da aka wallafa a 1995 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon da kusan rabi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1998. Magani ne mai amfani ƙwarai har yau, sai dai an same shi ba tare da an san ainihin makullin ba.

Makullin ya fito daga inda ba a zata ba. A 2007 ƙungiyar Swee Lay Thein a Landan ta kwatanta DNA ɗin mutane lafiyayyu masu ɗan yawan himogulobin ɗan tayi da na masu ƙarancinsa, daga farkon kuromosom zuwa ƙarshe, ba tare da ta riga ta zaɓi wurin da za ta duba ba. Wani wuri a kan kuromosom na 2 ya fito fili, a cikin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, wadda a da aka fi sanin ta da sha'anin fararen ƙwayoyin jini da sankararsu. A 2008 wani bincike a tsibirin Sardiniya na Italiya ya sake samun wurin, kuma a shekarar Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka rage yawan furotin BCL11A a ƙwayoyin jinin manya a ɗakin gwaji, sai gama ta dawo aiki. A 2011 an kashe BCL11A a jajayen ƙwayoyin ɓeraye masu ɗauke da sikilar mutum, jininsu ya gyaru, gaɓoɓinsu suka tsira. Furotin na biyu mai dannewa, ZBTB7A, an bayyana shi a 2016. Sai a 2018 aka rufe da'irar, lokacin da ɗakin binciken Orkin da na Merlin Crossley a Sidni suka nuna cewa BCL11A yana kama jerin TGACCA a kusa da gurbi na 115, ZBTB7A kuma yana kama wurin da ke kusa da gurbi na 200, daidai inda sauye-sauyen iyalan nan suke. Idan BCL11A ya zauna, yana hana wani furotin mai buɗewa, NF-Y, samun wurin zama a kusa, yana kuma kiran wani gungun furotin mai suna NuRD wanda ke cire asetil daga histon ya matse naɗin.

A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar tsayawa a duk lamarin. Ƙwayar gadon da ta yi shiru shekara 30 ko 50 a jikin mutum ba ta lalace ba, kuma rufewar ba ta zama ta din-din-din ba. Kowace sabuwar ƙwayar jini da ɓargo ya haifa sai ta sake ƙera BCL11A, ta sake zaunar da shi a kan haruffa 6, ta sake matse wurin. Aiki ne da ake yi kullum, shi ya sa ake iya dakatar da shi.

Dakatarwar ce ta zo da matsala. BCL11A ba na jajayen ƙwayoyin jini ba ne kaɗai. Ɓerayen da aka cire musu shi gaba ɗaya suna mutuwa jim kaɗan bayan haihuwa kuma ba su da fararen ƙwayoyin jini na nau'in B, yaran da aka haifa da kwafi ɗaya maimakon biyu kuma suna da himogulobin ɗan tayi mai yawa, amma tare da tawayar ƙwaƙwalwa. Ba za a iya kashe shi a ko'ina ba. Mafita ta fito daga komawa kan tambayar farko, a wannan karon a kan shi mai dannewar: shi kuma wa ke buɗe shi? BCL11A ma ƙwayar gado ce, tana da masominta da mazuganta. KLF1 yana cikin masu tayar da ita, kamar yadda wani iyali a tsibirin Malta ya nuna a 2010, inda masu kwafi ɗaya na KLF1 suke da ƙarancin BCL11A da yawan himogulobin ɗan tayi. Wato furotin guda yana buɗe beta da hannu ɗaya, yana tayar da mai rufe gama da ɗaya hannun. A ƙwayoyin ɗan tayi kuwa wani furotin, HIC2, yana danne BCL11A, kamar yadda aka nuna a 2022, kuma raguwarsa tana cikin abubuwan da ke sakin sauyin.

Daniel Bauer ya lura a 2013 cewa bambance-bambancen da binciken 2007 da 2008 suka gano ba su cikin sashen da ke ƙera furotin, suna cikin ciko na biyu na BCL11A, wurin da a da za a ɗauka ba shi da amfani. A can ya sami wurare 3 a buɗe, a nisan haruffa 55,000 da 58,000 da 62,000 daga wurin farawa, kuma a buɗe suke a ƙwayoyin da za su zama jajayen jini kaɗai, a ƙwaƙwalwa da fararen ƙwayoyi a rufe suke. Mazugi ne na jajayen jini zalla. A 2015 aka bi wannan mazugi da almakashin CRISPR, fasahar yanka DNA a wurin da aka zaɓa, aka yanka shi wuri-wuri don a ga inda ya fi rauni, sai aka samu wani ɗan gurbi a cikin na 58,000, inda GATA1 ke zama. Idan aka ɓata waɗannan 'yan haruffa, BCL11A yana raguwa a jajayen ƙwayoyin jini, yana nan yadda yake a sauran jiki.

Maganin da aka gina a kan wannan gurbi shi ne Casgevy, na kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics. Ana tattaro uwayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke haifar sauran a ɓargo, daga jikin mara lafiya, a kai su ɗakin gwaji, a shigar musu da enzaim ɗin Cas9 tare da ɗan guntun RNA da ke jagorantar sa zuwa gurbin GATA1. Cas9 yana yanke igiyoyin DNA biyu, ƙwayar halittar ta yi hanzarin ɗinkewa, a wajen ɗinkin sai ta zubar da 'yan haruffa ko ta ƙara, gurbin ya lalace. Sannan a ba mara lafiyar busulfan, magani mai ƙarfi da ke share ɓargonsa, a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara, ya zauna a asibiti makonni har su kama. Victoria Gray, wata mata daga jihar Misisifi, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa wannan a Amurka, a birnin Nashville cikin watan Yulin 2019. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, ta Amurka kuma ranar 8 ga Disamban shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama, bisa sakamakon da ya nuna mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwon ba. Himogulobin ɗan tayi a jininsu ya kai kusan kashi 40 cikin 100 ko fiye, a rarrabe cikin kusan dukkan jajayen ƙwayoyin, kamar dai na iyalan nan da aka sani tun shekarun 1950.

Nauyin wannan hanya ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Busulfan yana iya hana haihuwa, yana barin mutum babu garkuwa na wani lokaci, aikin kuma yana buƙatar asibitin da ke iya dashen ɓargo, alhali mafi yawan masu ciwon a duniya ba su kusa da irin wannan asibiti. Shi ya sa masu bincike da dama suka karkata ga neman ƙwayar magani ta haɗiya da za ta taɓa BCL11A ko abokan aikinsa, da kuma hanyoyin gyara masomin gama kai tsaye, a kwaikwayi sauyin gurbi na 115 ko na 200.

Harafin sikila kuwa ba a taɓa shi ba. A jikin wanda aka yi wa Casgevy, GTG yana nan a gurbi na 6 na ƙwayar gadon beta, a ɓargonsa da sauran jikinsa, kuma tunda uwayen ƙwayoyin jini kaɗai aka gyara, 'ya'yan da zai haifa za su gaji harafin kamar yadda za su gada in ba a yi masa komai ba. Abin da ya sauya yana kan kuromosom na 2, cikin wani ciko, inda GATA1 ya rasa wurin zama; daga nan BCL11A ya ragu, gurbi na 115 a kan kuromosom na 11 ya zama fili, NF-Y ya sauka, LCR ya sake lanƙwasowa kan gama, folimares kuma ya koma kwafar saƙon da ya bari tun mutumin yana jariri.